Yadda Ake Kai wa Sakkwato Ziyara ta Hotunan Taswira Ga Wanda Ya Daɗe Rabonsa da Gida

Akwai Sakkwatawa da yawa waɗanda karatu ko aiki ko aure ko fatauci ya raba su da gida, wasu suna Legas da Abuja da Fatakwal, wasu suna Yamai ko Makka ko Landan, kuma a cikinsu akwai wanda ya yi shekaru bai taka ƙasar Birnin Shehu ba. Akwai kuma 'ya'yan ma'aikatan da suka tashi a garin, sannan iyayensu suka koma Birnin Kebbi a 1991 ko Gusau a 1996 lokacin da aka ƙirƙiro waɗannan jihohi, da tsofaffin ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo waɗanda tun ranar da suka karɓi takardar shaidarsu ba su sake komawa ba. Domin irin waɗannan mutane na rubuta wannan bayani, saboda a yau mai waya ko kwamfuta da intanet yana iya duba titin da ya tashi a kansa daga duk inda yake, in dai ya san yadda zai bi.

Abin da ake amfani da shi shi ne Street View, wani ɓangare na taswirar Google Maps. Kamfanin Google yana ɗora kyamara mai ɗaukar kowace kusurwa a kan mota, motar ta bi tituna tana ɗaukar hotuna, daga baya a haɗe su yadda mai kallo zai ga kamar yana tsaye a tsakiyar titi, yana iya waiwayawa dama da hagu, ya yi gaba ko ya koma baya. An fara wannan a Amurka a 2007. Ya iso Najeriya a 2017 da titunan Legas, a 2019 aka ƙara Abuja da Benin da Enugu da Ibadan, daga nan kuma aka ci gaba da shigar da wasu hanyoyin ƙasar. Sai dai a kowane gari manyan tituna motar ta fi bi, ba ta kutsawa lungunan da sai ƙafa ko kabu-kabu, alhali yawancinmu a irin waɗannan lunguna muka girma. Saboda haka ziyarar ba za ta cika da hotunan titi kaɗai ba, dole a haɗa da hotunan tauraron ɗan'adam da na mutanen gari da kuma bakin dattawa. Ga yadda ake yi daki-daki.

Mataki na farko: rubuta abin da ka tuna kafin ka buɗe taswira

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ya fi kowanne amfani. Ka samu takarda da biro, ka rubuta sunan unguwarku, da masallacin da kuke salla, da makarantar allo da ta boko, da inda ake sayen fura ko tsire, da famfo ko rijiyar da ake ɗiban ruwa, da bishiyar da dattawan unguwa ke zama a ƙarƙashinta. Ka zana hanyar da kake bi daga ƙofar gida zuwa makaranta, ko da zanen bai yi kyau ba, ka nuna inda ake karya kwana da abin da yake a kowace kwana. Dalilin yin haka shi ne, da zarar idonka ya ga sabon hoto, zai fara danne tsohon da ke cikin ranka, har ka kasa tantance ko shagon nan yana wurin tun da can ko sabo ne. Abin da ka rubuta tun farko shi zai zame maka ma'auni.

Game da kayan aiki, kwamfuta ta fi waya daɗin wannan tafiya saboda faɗin fuskarta, amma waya ma tana yi. Ka tabbatar manhajar Google Maps da ke wayarka sabuwa ce. Hotunan suna cin data sosai, don haka ya fi kyau a yi a inda ake da Wi-Fi ko a lokacin da aka sayi data mai yawa. Taswirar da ake saukewa domin amfani ba tare da intanet ba ba ta ɗauke da hotunan titi ko na sama, kada ka dogara da ita.

Mataki na biyu: nemo garin, ka kafa turaku

A gurbin bincike ka rubuta Sokoto, yadda yake a rubutun hukuma, haka kuma sunayen unguwanni ka rubuta su ba tare da lanƙwasa ba, misali Kofar Rini ko Kofar Marke. Idan suna bai fito ba, ka gwada wani salon rubuta shi, domin mutane dabam-dabam ne suka shigar da sunayen, kowa da yadda ya ji.

Kada ka yi gaggawar neman gidanku kai tsaye. Garin ya faɗaɗa ƙwarai, an buɗe hanyoyin da ba ka san su ba, an gina gadojin sama a wurare irin su Runjin Sambo da Rijiyar Ɗorawa, kuma wanda ya faɗa tsakiyar taswira haka kawai zai ruɗe. Abin yi shi ne ka fara da wuraren da ba sa gusawa, ka ɗaure tunaninka a jikinsu kamar yadda ake ɗaure akuya a turke, sannan ka riƙa kewayawa gwargwadon tsawon igiya. Turke na farko shi ne gulbi. Ka janye taswirar baya har ka ga garin gaba ɗaya, za ka ga fadama ta yi masa iyaka ta arewa, inda Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato suke haɗuwa. Tsohon birni, wanda Muhammadu Bello ya kafa a 1809, yana kan tudun da ke kusa da wannan fadama, sababbin unguwanni kuwa sun fi bazuwa ta sauran ɓangarorin. Turke na biyu shi ne Fadar Sarkin Musulmi da Masallacin Sultan Bello, na uku kuma Hubbaren Shehu, inda aka binne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1817, da Masallacin Shehu. Duk wanda ya tashi a cikin gari ya san nisan gidansu daga waɗannan wurare ko da an tashe shi daga barci.

Bayan haka sai ƙofofin birni guda 8: Ƙofar Aliyu Jodi, Ƙofar Atiku, Ƙofar Dundaye, Ƙofar Kade, Ƙofar Kware, Ƙofar Marke, Ƙofar Rini da Ƙofar Taramniya. Ganuwar kanta gine-gine sun cinye ta, amma sunayen ƙofofin suna nan a matsayin sunayen unguwanni, kuma idan ka sa alama a kan kowacce za ka ga siffar tsohon birnin ta fito maka. Wanda ya tashi a wajen ganuwa, kamar Mabera ko Minanata ko Gawon Nama ko Arkilla ko Tudun Wada, turakunsa su ne filin wasa na Giginya, da Dandalin Shehu Kangiwa, da Asibitin Koyarwa, da babbar kasuwa, da shataletalen Dandima, da masana'antar siminti ta Kalambaina. Duk wurin da ka gano, ka danna shi ka adana a cikin jerin wurarenka, domin alamar za ta zauna a kan taswira ta riƙa nuna maka inda kake.

Mataki na uku: kunna shuɗayen layuka

A kwamfuta, a kusurwar ƙasa ta hannun dama, akwai ɗan mutum-mutumi ruwan ɗorawa. Idan ka danna shi, duk titin da ke da hotuna zai koma shuɗi. Sai ka danna kan shuɗin layin a daidai inda kake so, ko ka ja ɗan mutumin ka sauke shi a wurin. A waya kuwa, ka taɓa alamar shimfiɗu da ke sama ta hannun dama, wadda ta yi kama da takardu biyu ɗaya a kan ɗaya, ka zaɓi Street View, layukan za su bayyana, sai ka taɓa wanda kake so.

Alamomin iri biyu ne, kuma ya kamata a bambance su. Dogon layi yana nufin hotuna ne a jere waɗanda za ka iya bi kana tafiya. Ɗan da'ira shuɗi kuwa hoto ɗaya ne mai kewaye wanda wani mutum ya tsaya ya ɗauka ya ɗora, za ka iya juyawa a cikinsa amma ba za ka iya matsawa ba. Ka duba manyan hanyoyi tukuna, wato Titin Ahmadu Bello, da Titin Sultan Abubakar, da Titin Abdullahi Fodiyo, da hanyoyin da suka fita zuwa Gusau da Birnin Kebbi da Illela, sannan ka matso da taswirar sosai, domin wasu gajerun layuka da da'irori ba sa fitowa sai an kusanto. Duk inda ka ga shuɗi mafi kusa da unguwarku, nan ne tasharka. Idan babu shuɗi a ɓangarenku ko kaɗan, ka wuce mataki na biyar, ziyararka ba ta lalace ba.

Mataki na huɗu: karanta kwanan wata, sannan ka kama hanya

Da shigarka cikin hoto, kafin ka motsa, ka nemi wata da shekarar da aka ɗauke shi. A kwamfuta yana ƙasan fuska, a waya kuma yakan fito tare da sunan titin. Wannan abu ne mai muhimmanci, domin abin da kake gani ba Sakkwaton yau ba ce, ba kuma wadda ka bari ba ce, wata rana ce guda a tsakanin biyun da mota ta wuce. Wanda bai lura da haka ba zai iya kiran gida ya ce me ya sa aka bar titi kaza da ramuka, alhali an gyara shi tuni, ko ya yi murnar ganin wani gini da aka riga aka rushe. Babbar kasuwa misali ce mai kyau, tunda gobara ta ci wani babban sashe nata a watan Janairun 2021, don haka hoton da aka ɗauka kafin nan da wanda aka ɗauka bayan nan ba za su nuna abu ɗaya ba.

Tafiyar kanta ba ta da wuya. Kibiyoyin da ke kan titi su ake dannawa a yi gaba ko baya, ana jan hoton da yatsa ko linzamin kwamfuta a waiwaya, ana kuma iya kusanto da allon shago ko lambar gida. A gefe akwai alamar kamfas wadda jan bakinta ke nuna arewa. A waya ana iya raba fuska biyu, hoto a sama taswira a ƙasa, kuma ina ba da shawarar a yi haka, saboda yana hana ɓata.

Shawarata ita ce ka bi hanyar da ka zana a takarda, a yadda ka saba bin ta, kada ka yi ta tsalle daga wannan unguwa zuwa waccan. Ka fara daga inda kuke sauka a mota idan kun dawo daga tafiya, ka bi har bakin lungunku. Tsohon ɗalibin jami'a ya fara daga cikin gari ya nufi Kwalkwalawa, ya bi hanyar da ta ratsa fadama zuwa mazaunin jami'ar na dindindin, hanyar nan da ambaliyar 2010 ta yanke. A kowace mahaɗa ka tsaya ka juya sau ɗaya gaba ɗaya. Kada ka dogara da fenti ko allon shago, domin su suka fi saurin canzawa. Ka dubi abubuwan da ke daɗewa: hasumiyar masallaci, da lanƙwasar titi, da gangaren ƙasa, da kwalbati, da tankin ruwa, da manyan itatuwan dogonyaro. Sau da yawa za ka ga gidan ƙasa ya koma na bulo, zaure ya zama shago, amma faɗin ƙofar da inda take kallo suna nan yadda suke. Ka lura da yanayi ma. Idan sararin sama ya yi fari da hazo, mutane sun rufe kai da hanci, to lokacin hunturu aka ɗauka. Idan titi ya yi tsit kowa ya fake a inuwa, zafin bazara ne, wanda duk Basakkwace ya san shi.

Idan motar ta bi titi fiye da sau ɗaya, za ka ga wani ɗan rubutu kusa da sunan titin da ke ba da damar duba sauran shekarun. Ka danna shi, ka zaɓi mafi tsufa, ka tsaya a wuri ɗaya kana sauya shekara. Nan ne ake ganin bishiya tana nan sannan babu ita, ko fili ya zama bene.

Ya kamata a shirya wa abu ɗaya. Google yana dusashe fuskokin mutane da lambobin motoci, amma ɗa ba ya kasa gane zaman mahaifinsa ko tafiyar kakarsa don an rufe fuska. Mutane a ƙasashe da dama sun ci karo da hoton iyayensu da suka rasu suna zaune a ƙofar gida. Idan haka ta same ka, ka yi musu addu'a, ka ɗauki hoton fuskar wayar ko kwamfutar nan take ka adana, domin babu tabbacin hoton zai dawwama a taswirar. Kafin ka tura wa 'yan'uwa, ka fara sanar da su abin da za su gani, musamman idan rasuwar ba ta daɗe ba.

Mataki na biyar: shiga lungu ta sama

Inda shuɗin layi ya ƙare, sai a koma hoton tauraron ɗan'adam. A cikin alamar shimfiɗun nan ake zaɓarsa. Duban unguwa daga sama yana buƙatar sabo, domin ba wanda ya taɓa ganin gidansu ta wannan fuska, amma akwai dabarun da ke sauƙaƙa shi.

Ka fara daga bakin lungun da ka gano a kan babban titi, ka riƙa bin siririn layin da ke tsakanin gidaje kana ƙirga kwana kamar yadda ka zana. Masallatai su ne manyan mataimaka a nan, saboda daga Sakkwato alƙibla tana gabas ne ta ɗan karkata arewa, don haka ginin masallaci yakan saɓa wa jerin gidajen da ke kewaye da shi, kuma sau da yawa ana ganin ɗan tudun mihrabi ya fito a bangon gabas. Idan ka gano masallacin unguwa, ka gano rabin hanya. Rufin kwano sabo yana ƙyalli fari, tsoho yana yin ja saboda tsatsa, rufin ƙasa kuwa launinsa ɗaya da ƙasar da ke kewaye, sai ta inuwar bango ake gane shi. Tsakar gida tana fitowa a matsayin fili mai haske a tsakiyar ɗakuna, itace kuma baƙin dunƙule ne mai kewaye. Makarantar firamare tana da sauƙin ganewa, dogayen azuzuwa ne a jere da fili a gabansu. Maƙabarta fili ce mai faɗi marar gini a tsakiyar cunkoso. Kasuwar kara ana gane ta da shingaye da duhun ƙasarta. Tsawon inuwa yana nuna tsawon gini, ta haka za ka san inda aka ɗora bene.

Idan kana shakka tsakanin gidaje biyu, ka yi amfani da ma'aunin nisa. A kwamfuta ana danna maɓallin dama na linzami a kan wuri a zaɓi auna nisa, a waya kuma ana dafe wurin har jar alama ta fito, sannan a nemi ma'aunin a cikin bayanan da suka biyo. Kada ka yi mamaki idan hanyar makarantar da kake gani doguwa ce a yarinta ta kasa kai rabin kilomita. Ƙafar yaro da zafin rana su suka tsawaita ta.

Mataki na shida: koma baya da Google Earth

Google Maps hoton sama na baya-bayan nan kawai yake nunawa. Mai son ganin shekarun baya sai ya koma Google Earth, ko dai manhajar Google Earth Pro ta kwamfuta, wadda kyauta ce tun 2015, ko ta waya da ta burauza waɗanda su ma yanzu suna da wannan dama. Ka nemo wurin, ka danna alamar tarihin hotuna, wadda a kwamfuta take kama da agogo mai kibiya, sai wani ma'auni mai shekaru ya fito a sama, ka riƙa jan shi baya.

A yawancin garuruwa hotunan da ake iya bambance gida da gida sun fara ne daga shekarun 2000. Na kafin nan, waɗanda suka koma har 1984, na taurarin Landsat ne, kowane ɗigo a cikinsu yana wakiltar kimanin mita 30, don haka ba za ka ga gidanku ba, amma za ka ga iyakar gari a wancan lokaci da yadda ya riƙa cin gonaki shekara bayan shekara. Ga wanda ya bar Sakkwato da daɗewa, wannan shi ne ɓangaren da ya fi taɓa zuciya, domin zai ga filin da suke buga ƙwallo ko gonar geron da suke ratsawa tun ba a yanka ta fuloti ba. Ka gwada wannan a gefen Arkilla, da Bado, da Kwannawa, da kewayen hanyoyin da suka zagaye gari, inda sauyin ya fi yawa. Ka gwada shi kuma a kan fadama, ka kwatanta hoton rani, lokacin da lambunan albasa da shinkafa kaɗai ke kore a cikin jar ƙasa, da na ƙarshen damina lokacin da ruwa ya malale. Idan za ka kwatanta shekaru biyu, ka zaɓi hotunan da aka ɗauka a yanayi ɗaya, in ba haka ba bambancin damina da rani zai sa ka ɗauka an sare itatuwan da suke nan daram.

Mataki na bakwai: hotunan da mutane suka ɗora

Idan ka danna sunan wuri a Google Maps, kamar makaranta ko masallaci ko kasuwa ko Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu, a ƙasansa akwai hotunan da masu ziyara suka ɗora, kowanne da lokacinsa. Waɗannan sukan shiga inda mota ba ta shiga, har cikin harabar makaranta da rumfunan kasuwa. Akwai kuma Mapillary, wani dandali da masu sa kai ke ɗora hotunan tituna, yana da kyau a leƙa shi. A kula dai, wani lokaci akan ɗora hoton wani wuri a ƙarƙashin sunan wani, don haka kada ka gaskata hoto sai ka ga wata alama da ka sani a cikinsa.

Mataki na takwas: sa dattijo a cikin tafiyar

Taswira ba ta san gidan wane ne wannan ba, ba ta san wanda ya dasa bishiyar ba, ba ta kuma san sunan da 'yan unguwa ke kiran kwanar da shi ba. Wannan ilimi yana wurin iyaye da kakanni. Ka ɗauki hoton abin da ka gano, ka tura ta WhatsApp ga wani ƙane ko ɗan ɗan'uwa da ke kusa da dattijon, sannan ka kira. Bayan gaisuwa ta cika, an tambayi iyali da jiki da zafi, sai ka ce, "Baffa, a duba mini wanga hoto, gidan da ke dama da masallaci, na wa na?" Ko ka ce, "Inna, ina rijiyar da kuke aikenmu take a nan?" Tambaya guda irin wannan takan buɗe hirar da za ta kai dare, a ba ka labarin wanda ya sayar da wanda ya gada da wanda ya ƙaura. Ka nemi izini ka naɗi muryar, ko ka riƙa rubutawa. Hoton sama yakan yi wa tsofaffi wuyar fahimta, don haka ka fara nuna musu na titi, ko ka gaya musu inda gabas take a hoton, daga nan za su kama.

Idan iyayen suna tare da kai a inda kake zaune, ka haɗa kwamfutar da talabijin ku yi tafiyar tare, yara ma su zauna. Yaron da aka haifa a Legas ko a Turai, wanda Sakkwato a wurinsa suna ce kawai da ake faɗa, zai ga titin da kakansa yake bi zuwa masallacin Juma'a.

Mataki na tara: adanawa, da kiyaye sirrin gida

Duk abin da ka gano ka tara shi wuri ɗaya. A Google Maps ka buɗe jeri na musamman ka sa masa suna, ka zuba wuraren a ciki, kowanne da ɗan bayani, misali shekarun da kuka zauna a gidan ko sunan malamin makarantar allon. A Google Earth ana iya kafa alamomi a zana hanya a adana su a fayil guda da za a iya tura wa dangi. Hotunan da ka ɗauka daga fuskar na'ura ka sa wa kowanne sunan wuri da shekarar da aka ɗauki asalinsa, domin bayan 'yan watanni ba za ka tuna ba.

A nan dole a yi taka-tsantsan. Kowa ya san halin tsaro da yankin Arewa maso Yamma yake ciki, saboda haka kada ka ɗora ainihin wurin gidanku a Facebook ko wani dandali na kowa da kowa, balle ka haɗa da bayanin cewa mai gidan yana ƙasar waje kuma tsofaffi ne kaɗai a ciki. Jerin ya tsaya a tsakanin dangi. Idan ka ga fuskar wani naka ta fito ba a dusashe ba, ko kuna son a rufe hoton gidan gaba ɗaya, a cikin hoton akwai wurin kai ƙorafi inda ake neman haka. Sai dai a sani, idan aka dusashe gida ba a mayar da shi, don haka a yi shawara da sauran masu haƙƙi a gidan kafin a nema.

Lungun da babu hotonsa ko ta wace hanya, sai ka roƙi wani ɗan'uwa ya bi shi da waya yana ɗaukar bidiyo, daga bakin titi har ƙofar gida, da safe ko bayan la'asar lokacin da haske ya yi laushi. Ka ja masa kunne ya gaida mutanen da ke zaune ya gaya musu abin da yake yi, kada ya ɗauki matan aure ko cikin gidan kowa ba da izini ba, kuma ya kauce wa bariki da ofisoshin jami'an tsaro da shingayen bincike. Idan kuma ka lura makarantarku ko masallacinku ba ya kan taswira, ko an rubuta sunansa ba daidai ba, ka dafe wurin ka zaɓi ƙara wurin da babu ko gyara bayani, ka rubuta sunan yadda 'yan unguwa suka san shi. Google yakan duba gyaran kafin ya fito, wani lokaci cikin kwanaki kaɗan, wani lokaci ya ɗan jima, kuma za ka samu saƙo ta imel idan an amince.